Wurin aiki na haya a Zoo Road, yadda na gan shi

Masu rubuta manhaja a Kano, ga ra'ayina kan wani wurin haya da nake zuwa, inda kake biya ka zauna ka yi aikinka. Gaskiya abin da kake biya ba kujera ba ce, natsuwa ce. Aikinmu sai ka riƙe abubuwa da yawa a ka lokaci ɗaya, to a gida kana tsakiyar bin kuskure a kod, wato rubutun manhaja, sai a ɗauke wuta, ko Hajiya ta aiko ka cefane, ka dawo ka zauna kana kallon allo ka ma manta inda ka tsaya wlh. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuwa janareta ya fi ƙarfin aljihuna.

Nan sola gare su da intanet na Starlink, ban ga wuta ta ɗauke ba, akwai wurin sallah a ciki.

Matsalar kujerun ne, bayan la'asar bayanka zai gaya maka, kuma ba ɗakin amsa waya, wani na mitin da kwastoma da ƙarfi kai kana fama. Damuwar kuɗin haya da na makaranta kam da ita za ka shigo, sola ba ta maganinta. Ka taho da iyafis ɗinka dai.