Sabon Fantastic Four: sun dawo mana da Galactus da hularsa, amma ba su bari ya ci komai ba

Jiya da daddare na zauna na kalli The Fantastic Four: First Steps wanda ya fito a watan Yulin 2025, kuma gaskiya ba don Reed Richards shugaban jaruman huɗu ko Ben mai jikin dutsen nan na kalla ba, don mugun fim ɗin Galactus ne. Duk wanda ya kalli na 2007, Rise of the Silver Surfer, ya san abun da suka yi mana, an yi ta zuga mu cewa ga mai cinye duniyoyi yana tafe, ƙarshe sai ga wani hadari kamar ruwa zai sauko, babu fuska babu murya. Haba! Mutumin da Stan Lee da Jack Kirby suka ƙirƙira tun 1966 a fitowa ta 48 ta mujallar zane ta Fantastic Four, ƙato mai sulke ruwan hoda da shuɗi da hula mai ƙahonni, shi ne aka mayar gajimare.

To wannan karon sun gyara. Ralph Ineson ne ya fito a matsayinsa, kuma muryar bawan Allah ɗin nan kaɗai ta isa, na sa abun kunne ina jin ta har cikin ƙirjina. Wurin da su huɗun suka je jirginsa suka tarar da shi zaune, su kamar tururuwa a gabansa, ya kalli Sue Storm matar Reed da cikinta ya ce a ba shi yaron ya ƙyale duniya, nan fim ɗin ya kama ni. Shi ba mugun da yake son mulki ba ne, yunwa ce kawai ke damunsa wadda ba ta ƙarewa, ya gaji da ita, yana neman wanda zai ɗora wa. Ka ga ai wannan ba a rarrashinsa.

Sannan abun da ya biyo baya ya fi faɗan daɗi. Reed ya fito gaban 'yan jarida ya faɗi gaskiya cewa sun ƙi, mutanen da jiya suke musu tafi yau sun taru ƙofar gidansu Baxter Building suna zagi, wai ran jariri ɗaya ya fi na kowa? Sai Sue ta fito rungume da jaririn nata Franklin ta tsaya cikinsu. Vanessa Kirby da ta fito a Sue ta yi ƙoƙari wallahi, ita ta riƙe fim ɗin, Pedro Pascal da ya fito a Reed kuwa yawanci tsaye yake gaban allo da alli yana damuwa, miƙewar jiki kamar roba ma da aka san Reed da ita kaɗan muka gani.

Silver Surfer, ɗan aiken Galactus da aka sani namiji, mace ce a nan mai suna Shalla-Bal, Julia Garner ce ta fito a matsayinta. Na ga wasu suna ta ƙorafi, ni ban ga matsala ba, ai tana cikin mujallar tun da daɗewa.

Inda nake da magana shi ne ƙarshe. An ce mana Galactus yana haɗiye duniya sukutum, amma da ya sauka New York sai ya koma kamar Godzilla yana taka gidaje, garin ma an riga an kwashe mutane an kai su ƙarƙashin ƙasa wajen Mole Man sarkin mutanen can, to wa za ka ji wa tsoro? Minti kaɗan an tura shi cikin wata ƙofa mai jefa abu can nesa a sararin samaniya da suka gina a Times Square shikenan. Fim ɗin bai kai awa biyu ba, da sun ƙara ko minti goma sha biyar sun bar shi ya yi ɓarnar da za a tuna, da ya fi.

Kayan sawa da motoci da talbijin irin na 1960 sun yi kyau sosai, da ɗan mutum-mutumin nan HERBIE mai rainon yaro. Ba sai ka kalli finafinan Marvel talatin kafin ka gane ba, duniyarsu daban ce, har ƙanwata da ba ta san ko Thanos babban mugun finafinan Avengers ba ta bi labarin tsaf. Ni dai bakwai cikin goma na ba shi, kuma in za ka kalla kar ka kalla a ƙaramar waya da sifika, girman Galactus ɗin zai ɓace maka.