Mai tauraro biyar ko wanda aka raina?

A ƙwallon Amurka, wadda ake runguma da hannu ana ture-ture, shafuka irin su 247Sports da Rivals suna raba wa 'yan sakandare taurari gwargwadon gwanintarsu a wasan. Tauraro biyar shi ne ƙololuwa, kuma 247Sports yakan ba yara 32 kacal a shekara.

Ga Trevor Lawrence: tauraro biyar, ya shiga jami'ar Clemson, a kakarsa ta farko ta 2018 ya ɗauko mata kofin ƙasa. Jami'o'in da ke kwashe irinsa, su Alabama da Jojiya da Ohio State, su ne suka fi yawan ɗaga kofi. A nan alƙalamin masu taurari bai cika kuskure ba.

Amma a kan yaro guda, sai a hankali. Baker Mayfield tauraro uku aka ba shi, ya shiga jami'ar Texas Tech ba tare da tallafin karatu ba, daga baya ya ci kyautar Heisman, ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i, a jami'ar Oklahoma a 2017. J.J. Watt ma, wanda daga baya ya zama gwarzo a gasar ƙwararru ta NFL, biyu aka ba shi, har piza ya taɓa kai wa mutane gida.

Ni dai in ƙungiya zan haɗa, taurari zan bi. Masu uku sun fi yawa nesa ba kusa ba, dole a tsinci irin su Mayfield a cikinsu.