Sharhi: gwajin farin tabon cikin baki a sashen haƙori

Farin tabon da ya fito wa Babanmu a cikin kunci ba ya ciwo, shi ya sa aka daɗe ana kallonsa. Mai kemis na ƙauyenmu, a yankin Birnin Kudu, ya ba da maganin nystatin ba tare da ya leƙa bakin ba. Wannan magani na farin da ƙwayar candida ke kawowa ne, irin na bakin jarirai. Na Baba ko gezau.

Sai muka kai shi sashen haƙori na wani babban asibiti a Kano, kuma aikin likitar ya gamsar da ni. Ta ce, "Baba, a buɗe baki," ta naɗe harshensa da bandeji ta jawo shi, ta duba gefe da gefe da ƙarƙashinsa. Ta goga tabon, bai fita ba. Ta lalubi wuya ko akwai kaluluwa, sannan ta tambayi inda yake cusa garin taba da kanwa. Daidai wurin ne.

Bayaninta a taƙaice: farin da ke gogewa yawanci candida ne. Wanda ba ya gogewa, in ba a gano wani dalili kamar karyayyen haƙori da ke gugar wurin ba, shi suke kira lukoplakiya, kuma wani yakan rikiɗe ya zama ciwon daji. Jan tabo ya fi fari hatsari. Duk tabo ko gyambon da ya haura mako 2 zuwa 3 sai an duba, kuma ido kaɗai ba ya yanke hukunci.

Don haka aka yi masa allurar kashe zafi, aka yanko tsoka kamar ƙwayar dawa, aka jefa cikin kwalbar fomalin, ruwan da ke hana tsokar ruɓewa, aka ɗinke wurin. Baba ya fi jin tsoron allurar, yankan ma bai san an yi ba.

Ƙorafina bai wuce biyu ba. Mu aka miƙa wa kwalbar mu kai ɗakin gwaji da kanmu, babu mai nuna hanya. Sakamako kuma sai bayan makonni, ga ba sa kiran waya. Ɗan ƙauye ya kashe kuɗin mota a ce masa ya dawo.

Ba ciwon daji ba ne, amma naman wurin ya fara ɗan canzawa, za a riƙa duba shi bayan 'yan watanni. Garin taba Baba ya ajiye. Goro kam ya ce a yi masa haƙuri.