Kaskon Turaren Wuta Mai Adon Gilashi Daga Ƙasar Sin

A wani shagon kayan ɗakin amare da ke Babbar Kasuwar Katsina ana sayar da ƙaramin kaskon turaren wuta mai ƙafa uku, shuɗi, wanda aka kawo daga ƙasar Sin. Mata da yawa suna kukan tsadarsa saboda sun ɗauka fenti aka yi masa, alhali aikin hannu ne mai cin lokaci.

Jikin kaskon jan ƙarfe ne. Maƙeri yana lanƙwasa siraran wayoyi ya manna su a jikinsa bisa zanen fure mai kama da bado, sannan ya cika kowane gurbi da garin gilashi mai launi, ya gasa a wuta mai zafin kusan digiri 800. Garin yana motsewa idan ya narke, don haka sai an maimaita cikawa da gasawa kafin a goge da dutse da gawayi, a kuma shafa wa wayoyin ruwan zinariya. Sana'ar ta shiga Sin daga yamma a zamanin daular Yuan, ta bunƙasa a zamanin Ming har ake danganta ta da Sarki Jingtai, wanda ya yi mulki daga 1449 zuwa 1457, kuma birnin Beijing ne cibiyarta. Tana da dangantaka da kwanukan samira da iyayenmu suke jere da su, sai dai wannan ta fi su wahalar aiki nesa ba kusa ba.

Wanda na saya yana da nauyi a hannu, idan aka shafa shi sumul yake, kuma ana ganin 'yan ramuka kamar tsinin allura a cikin shuɗin, waɗanda wuta ce ta bar su. Murfinsa dai bai zauna daidai ba, ƙafafunsa kuma suna ɗaukar zafi da wuri, saboda haka sai an zuba toka ko yashi a ciki kafin a sa garwashi.

Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne mai shagon ya jera na ainihin tare da na kwaikwayo a kanta ɗaya, bai kuma bambanta su ba sai da na tambaya. Na kwaikwayon ba shi da nauyi, wayoyinsa sun taso sama da launin, launin kuma wani ƙaro ne da aka zuba ba tare da an gasa ba, wanda garwashi zai iya lalatawa. Duk mai haɗa kayan ɗaki ta ɗaga biyun a hannu ta gwada nauyinsu kafin ta fara ciniki.