Daga Texas: yadda masu a-kori-kura ke sauya giyabos ɗin otomatik da kansu

'Yan'uwa makanikai na gida, barkanku da aiki. Abin da zai fara ba mutum mamaki a nan Amurka shi ne tsadar hannu. Gareji na cajin kuɗin aiki ne da awa, kuma dala 100 a awa ɗaya ba a kiran ta tsada. Shi ya sa mai a-kori-kura Silverado ko F-150, idan giyabos ɗinsa ya mutu, sai ka gan shi ranar Asabar kwance a ƙarƙashin mota a ƙofar gidansa. A gida akasin haka ne: hannu da araha, kayan ne ba ka san tarihinsu ba.

A Kofar Ruwa ko Panteka, mai sayen giyabos ɗan Beljiyom ido da amana yake bi. A nan ana shiga shafin car-part.com a sa shekarar mota da samfurinta, sai wuraren yanka motoci su fito da abin da suke da shi, har da nisan da motar ta yi kafin a cire. Na hannu yakan zo da garanti na wata ɗaya zuwa uku. Wanda aka sake ginawa a masana'anta, irin na kamfanin Jasper, garantinsa shekara 3 ko mil 100,000. Akwai kuma wani tsari da babu shi a gida: ana riƙe maka wasu kuɗi jingina, sai ka kai musu tsohon giyabos ɗinka su mayar maka. AutoZone, kamfanin sayar da kayan mota, ma haka take yi da kayan aiki, ka ajiye kuɗi ka ari sifana mai auna ƙarfin ɗauri, ka dawo da ita ka karɓi kuɗinka.

Mu ɗauki giyabos samfurin 4L60E na Silverado 1500, don yana da yawa a hannun mutane. Kada a yaudaru da kamanni. Na mota mai ogizilari, wato mai ja da ƙafa huɗu, da na wadda ba ta da shi ba ɗaya ba ne ta wutsiya, kuma wayoyin ciki sun sauya daga shekara zuwa shekara. A gwada lambar da ke jikin tsohon da ta sabon tun kafin a biya.

Saukewa ba ta da wahalar fahimta. A cire batir, a ɗaga mota a kan ƙafafun ƙarfe huɗu, tunda gidajen nan ba su da rami irin na garejinmu, kuma jak shi kaɗai ba abin shiga ƙarƙashinsa ba ne. A yi wa farfela alama kafin a cire, a kwance kik, ta nan za a samu notoci guda uku na kwambata, wato gangar da ke haɗa inji da giyabos, ana juya inji da hannu. Sai bututun mai biyu masu zuwa lagireto, wayoyi, kebul ɗin giya, da ƙarfen da ya tallabe giyabos. Da kwambata a ciki nauyinsa ya kai kusan kilo 80, don haka jak na giyabos ake sa masa a ɗaure da sarƙa. A gida yara huɗu ne jak ɗin.

Wurin da ake asara shi ne ɗorawa, kuma nan da can duk kuskure ɗaya ake yi. Kwambata ana zura ta ne a jikin giyabos tun yana ƙasa, ba a jikin inji ba. A zuba mata mai kamar lita ɗaya, a shafa wa wuyanta, a riƙa juyawa ana turawa a hankali. Za a ji ta faɗa ciki sau uku. Na ƙarshen shi ne shigar wuyanta cikin haƙoran famfon mai na giyabos, kuma shi mutane ke tsallakewa, don bayan na biyu sai ta yi kamar ta zauna. Idan aka haɗa a haka, giyabos zai ƙi mannewa da inji, saura ɗan tazara. Nan ne mai gaggawa yake cewa noti zai ja shi. Zai ja shi kuwa, ya fasa famfo, a tayar da mota ta ƙi motsi gaba ko baya. Giyabos da hannu yake zama a kan fil ɗinsa biyu. Bayan an ɗaure, kwambata ta riƙa juyawa sakayau, da tazarar milimita 3 zuwa 5 tsakaninta da farantin inji, sannan a jawo ta a ɗaure. A ma'aunin sifana mai auna ƙarfin ɗauri, notocin jikin inji Nm 50, na kwambata Nm 63.

Wurin asara na biyu shi ne lagireto. Giyabos ɗin da ya ƙone yana barin garin kuloci da ɓurɓushin ƙarfe a cikin bututu da wurin sanyaya mai. Idan ba a wanke ba, dattin nan zai koma cikin sabon. A nan masu sayarwa da yawa suna soke garanti idan ba a wanke ko an sauya ba, shi ya sa mutane ke kiyayewa. A gida ba safai ake yi ba, sai a ce ɗan kasuwa ya sayar da ruɓaɓɓe. Tunda an riga an buɗe, a sauya sil na bayan inji da na gaban giyabos da matatar mai, kuɗinsu kaɗan ne.

Mai kuwa Dexron VI ne, ba kowane jan mai na jarka ba. Busasshen giyabos na shan kusan lita 11, amma ba a zuba shi gaba ɗaya. A fara da lita 5, a tayar da inji, a ƙara a hankali, a taka burki a bi giya ɗaya bayan ɗaya. Awon ƙarshe ana yin sa ne inji na aiki, ya yi zafi, giya na kan P, mota a miƙaƙƙen wuri. Idan man ya wuce alama zai yi kumfa, giya ta riƙa zamewa kamar bai isa ba.