Bututun jikin roka mai ƙarfi: wane ƙyalle da wane epoksi za ka saya?

Masu haɗa roka don sha'awa suna yin bututun jikinta ne ta hanyar naɗa ƙyalle a kan sanda, a jiƙa shi da epoksi, wato gam mai ruwa da ke daskarewa ya yi tauri. Kafin ka sayi komai, ka tsayar da faɗin cikin bututun. Injinan roka masu ƙarfi suna zuwa ne a milimita 29, 38, 54, 75 da 98, kuma hanci (wato tsinin gaban roka) da mahaɗan bututu na kasuwa an yi su ne a kan ma'aunai sanannu. Idan sandar da za ka naɗa ƙyalle a kai ta kauce ko da rabin milimita, hancin zai riƙa rawa ko ya ƙi shiga.

Sandar naɗi ta alminiyam ta fi ta PVC nesa ba kusa ba. PVC yakan lanƙwashe idan ya yi tsawo, kuma ba kasafai yake miƙe sak ba. Alminiyam kuwa yana tsukewa da sanyi, don haka idan bututu ya maƙale, sai ka cika sandar da ƙanƙara ya saki. Kowacce ka zaɓa, ka shafa mata kaki, ka lulluɓe ta da ledar Mylar zagaye biyu, kada ka manna ledar a jikin sandar.

A ƙyalle ne mutane suka fi ɓarnar kuɗi. Zaren gilashi mai giram 200 a murabba'in mita, wanda ake sayarwa da sunan oza 6, ya ishi yawancin rokoki. Kowane zagaye yana ba da kauri kusan milimita 0.25, ke nan zagaye shida zai kai wajen milimita 1.5. A bututun milimita 75, kewayensa milimita 236 ne, sai ka yanki kusan mita ɗaya da rabi. Yana jiƙuwa da sauƙi, kuma da zarar ya sha epoksi sai ya yi garau, ka ga duk inda iska ta maƙale.

Zaren kabon ya fi tauri da rashin nauyi, amma yana da tsada, baƙinsa yana ɓoye busassun wurare, sannan yana tare siginar rediyo. Duk wanda ya sa na'urar GPS cikin bututun kabon, wahalar neman rokarsa tana jiran sa. Sai rokar da faɗinta daidai yake da na injin, wadda za ta wuce gudun sauti, ta cancanci wannan kuɗin, kuma ko a nan sashen na'urori ya zama na gilashi. Kevlar, wani zaren mai ƙarfi, ba ya yankuwa da almakashi na gida, sanfefa kuma gashi yake tayar masa. Siririn zobe a bakin bututu kawai yake da amfani, don kada igiyar laimar da ke sauko da roka ta tsaga shi.

Akwai kuma saƙa mai kama da safa da ake zurawa a sanda. Ba ta da gaɓa, amma zarenta a karkace yake kwance, don haka ta fi jure murɗawa fiye da lanƙwasawa.

Epoksin minti biyar ba na wannan aiki ba ne: yana da kauri, yana daskarewa kafin ka gama zagaye ɗaya. Nemi mai ruwa-ruwa na jiƙa ƙyalle. Epoksi yana zuwa ne kashi biyu, ruwan gam da sinadarin daskarar da shi: West System 105 da 206 ana haɗa su kashi 5 da 1, kuma kana da kamar minti 20 kafin ya fara daskarewa a kofi. Aeropoxy PR2032 da PH3660 ana haɗa su 100 da 27 a nauyi, yana ba ka kusan awa guda, wanda ya fi wa mai aiki shi kaɗai. Auna da sikeli, domin kuskuren haɗi yana barin bututu da danƙo har abada. Nauyin epoksi ya yi kusan daidai da na ƙyallen. Abin da ya haura haka, ƙarin nauyi ne kawai.

A ƙara da ƙyallen ɓarewa da ake naɗawa a saman aikin don ya tsotse rarar epoksi, da safar hannu ta naitiril, da takunkumin ƙura na lokacin goge bututun da sanfefa.