Na gwada Conky a kan Openbox, agogona ya kusa haɗa ni faɗa da maiɗakina

Wata huɗu ke nan ina amfani da Conky, 'yar manhajar da ke nuna agogo da sauran bayanai a fuskar kwamfuta, kuma da a daren goma sha ɗaya ga azumi na rubuta wannan sharhi, da tauraro ɗaya ma ba zan ba shi ba.

Tsohuwar ThinkPad gare ni, 'yar gwanjo, mai ram (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi) giga 4. Debian 12, wani nau'in Linux, na ɗora mata, sai Openbox don tsara tagogi, saboda manyan tsare-tsare irin su GNOME suna sa ta nishi kamar tsohuwar a-kori-kura a hawa. Wanda ya san Openbox ya san ba ya zuwa da komai. Ka kunna, ka ga fili fetal, ba sandar ƙasa, ba agogo, sai ka danna maɓallin dama na linzami sannan jerin manhajoji ya fito. Da tint2 na saka, manhajar da ke samar da sandar ƙasa, da na samu agogo a minti biyu. Amma ni kwaɗayi ya ja ni: so nake in ga agogo ɓaro-ɓaro a gefen fuskar kwamfuta, yana faɗin lokaci da Hausa yadda muke faɗa a baki. Ba 4:45 ba, “ƙarfe biyar saura kwata”.

Kuma Conky ya yi min wannan, gaskiya ɗaya ce. Ɗan gajeren rubutu na yi da harshen Lua, na jera sunayen ranaku a tebur. Abin da ya burge ni, Lua daga 1 yake fara ƙirga, kuma Lahadi ce ranar farko a wurinsa, don haka Lahadi, Litinin, Talata suka zauna daram ba tare da wani lissafi ba. Sai sharaɗin mintuna: daidai, da kwata, da rabi, saura kwata. Ranar farko da rana tsaka ya ce min “ƙarfe goma sha uku saura kwata”, na yi dariya ni kaɗai na gyara. Harafin Ƙ ya fara fitowa akwati-akwati, da na koma salon rubutu na DejaVu Sans sai ya miƙe.

To, ga abin da ya faru.

Kwamfutar tana da Windows a ɗaya ɓangaren, ƙanena ne ke shiga yana gwajin jarabawar shiga jami'a. Ranar nan da la'asar ya yi amfani da ita ya ajiye. Da dare wajen ƙarfe ɗaya na tashi in ƙarasa wani aiki, babu wuta, wayata ta mutu tun bayan asham, data kuma ta ƙare. Na kunna Debian na duƙufa. Can na ɗaga kai, sai ga agogona da manyan haruffa farare: “Ƙarfe biyar da kwata”. Gabana ya faɗi. Ban san lokacin da na faɗa ɗaki ina kiran maiɗakina ba, ina cewa ta tashi mun makara, saura kiris a kira salla. Baiwar Allah ta diro a firgice, ta laluba kicin cikin duhu, ta ɗauko sauran shinkafar buɗa-baki da sanyinta. Na tayar da ƙanena shi ma. Muka tsaya a tsaye muna cusawa, muna korawa da ruwa, har na ƙware. Muka gama, muka zauna jiran ladan. Shiru. Unguwa tsit, ko motsin tukunya babu daga maƙwabta, ko yaran da ke kiɗan gwangwani ba su fara wucewa ba. Ta tashi ta ɗauko wayarta ƙarƙashin matashi, ta duba, ta miƙo min ba ta ce uffan ba. Huɗu da minti ashirin da biyar. Sai da ta juya za ta koma ɗaki ta ce, “Malam, wannan agogon naka mai jin Hausa, ka tambaye shi ko shi zai dafa mana wani sahur ɗin.”

Wallahi a daren nan har na buga umarnin goge shi, yatsana na kan maɓalli. Barci ne ya hana ni.

Washegari na bi diddigi, sai na ga Conky ba shi da laifi ko na anini. Shi ba ya riƙe lokaci, abin da tsarin kwamfuta ya faɗa masa shi yake nunawa. Akwai ɗan agogo a cikin allon na'urar kanta, wanda ƙaramin batir ke riƙe da shi ko an kashe ta. Linux yana ɗaukar cewa lokacin duniya na UTC ne a ciki, sai ya ƙara awa ɗaya ya ba ka lokacin Najeriya. Windows kuwa lokacin gida yake ɗauka kai tsaye. Na tambayi ƙanena, ya ce, “Yaya, ai gani na yi agogon ya yi baya da awa guda, shi ne na gyara maka.” Ya gyara min! Ya rubuta lokacin gida a cikin na'urar, Debian ya zo ya ɗora awa ɗaya a kai, babu intanet da zai daidaita kansa. Layi ɗaya ya kashe maganar: timedatectl set-local-rtc 1. Zai yi maka gargaɗi cewa ba a son haka, amma damuwarsu ta ƙasashen da ke matsar da agogo ce lokacin bazara kamar Turai, mu nan ba ma yi.

A nan ne ma na ƙara ganin ƙimarsa. Na saka layi guda da ke tambayar tsarin duk minti goma ko ya daidaita lokaci da intanet. Idan bai yi ba, rubutun agogon ya koma ja. Wane agogon bango ne zai ce maka “kada ka yarda da ni yau”?

Sai dai kada yabon ya yi yawa, don ina tuna wahalar makon farko raina na ɓaci. Tun fitowa ta 1.10 aka sauya salon rubuta fayil ɗin saiti zuwa na Lua, amma rabin abin da mutane suka baza a intanet na tsohon salo ne, kuma ba wanda ke rubuta maka a kai cewa wannan ya tsufa. Ka kwafo, ka gauraya tsoho da sabo, ya ƙi tashi, ka rasa inda aka haihu a ragaya. Sannan zaman tagar kansa. Na sa nau'in normal, ya fito da kan taga da maɓallin rufewa kamar kowace manhaja, sai da na jera masa undecorated da below da sticky da skip_taskbar sannan ya kwanta a ƙasan sauran tagogi. Yana ta ƙifta ido duk daƙiƙa har na kunna double_buffer. Bayansa ya zama baƙi ƙirin a kan hoton fuskar, dole na ƙaro picom, manhajar da ke sa a ga abin da ke bayan taga. Abu ɗaya ya jawo huɗu.

Mafi ciwo shi ne agogo mai hannaye da na kwafo daga wani bawan Allah, wanda aka zana da Cairo, wani kayan aikin zane na manhajoji. Kyau kam ba a magana. Amma mai rubutun bai saka layukan da ke sakin ram bayan an gama zane ba, cairo_destroy da ɗan'uwansa, don haka duk daƙiƙa sai ya ɗan ciji ram bai saki ba. Kwana biyu ban kashe kwamfutar ba sai ta fara rarrafe. Ga kuma exec da ya cusa har wuri biyar, kowanne yana tayar da sabon umarni duk daƙiƙa, fanka na ta huci, batirin da dama rabin rai ne da shi yana zuba. Mai wuta awa ashirin da huɗu ba zai lura ba. Ni na lura. Na watsar da hannayen, na mayar da exec zuwa execi, wanda ke jiran tazarar da ka sa masa, na sa ya riƙa sabuntawa duk daƙiƙa 30, tunda agogon da ke cewa “da rabi” ba ya bukatar gudun daƙiƙa.

Na so in ƙara kwanan watan Musulunci, lissafin ya saɓa da sanarwar ganin wata da kwana guda, sai na bar wata lamba da nake gyarawa da hannu duk farkon wata.

Tauraro huɗu na ba shi, kuma ɗayan da na cire na makon farkon nan ne, ba na daren sahur ba. Maiɗakina ta ce ita biyu ta ba shi, kuma har aka yi salla wayarta ce ke tashin mu.